Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Shafin Alhaji da ya ƙi buɗuwa

Assalamu alaikum jama'a, da fatan an wuni lafiya. Satin da ya wuce mun tsaya a inda oga ya yarda in riƙa kwana a kafe ɗinmu na intanet ina koyon Dreamweaver, manhajar haɗa shafukan intanet, in an tashi, to daga nan za mu ɗora.

A 2011 ne. Lokacin nan in kana so a ce ka iya haɗa shafin intanet to sai ka iya Flash, manhajar nan da a da ta Macromedia ce kafin Adobe ta saye kamfanin a 2005. Yayin da ake yi kenan, kana buɗe shafi tambari zai juyo yana walƙiya, kiɗa ya tashi ba ka tambaya ba, maɓallai suna ta sheƙi kamar alewar yara, ni kuwa abin ya shiga raina sosai, sai in raba dare ina kallon shafukan kamfanonin Amurka da Ingila ina kwaikwayo har janareta ya shanye mai.

Ana haka Kawu ya haɗa ni da wani abokinsa, Alhaji ne mai sayar da shadda da atamfa a Kantin Kwari. Kwastomominsa da yawa daga Maraɗi da Damagaram suke zuwa, wasu har daga Chadi, yana so su riƙa ganin sabon kaya kafin su taso. Aikina na farko na kuɗi kenan. Sati uku na yi a kansa, na sa labule yana buɗewa, na sa shadda tana kaɗawa kamar tuta, har tsuntsu na sa yana wucewa, wallahi har yau in na tuna tsuntsun nan sai kunya ta kama ni.

Ranar da na kai masa na ari laftof ɗin oga na buɗe a kan teburin shago, yaran shago suka taru suna kai, kai, ni kuma sai hura hanci nake. Alhaji bai ce komai ba. Hannu ya sa a aljihu ya ciro Nokia ɗinsa ya ce in karanto masa adireshin, ya shigar a Opera Mini, manhajar shiga intanet ta waya, muka jira. Fari fat, babu komai sai ɗan rubutu a ƙasa, shi ma duk inda ƙ ko ɗ take sai ɗan akwati ya fito a gurin saboda salon rubutun wayar ba shi da haruffanmu masu lanƙwasa.

Ya ce, "Ɗana, ina shaddar?"

Na fara kame-kame, na ce ranka ya daɗe ai sai a kwamfuta yake fitowa. Ya ce, "To mutumin Maraɗi da ke zaune a tasha, kwamfuta zai goyo?"

Opera Mini matse shafi take yi a can gurinsu kafin ta turo maka don kada data ta ƙare, ba ta san wani Flash ba. Abin haushin ma tun 2010 Steve Jobs, shugaban Apple na lokacin, ya fito ya rubuta cewa iPhone ba za ta ɗauki Flash ba, mun karanta a kafe muna dariya muna cewa girman kai ne. A ƙarshen 2011 ɗin Adobe da kanta ta ce ta daina yi wa wayoyi, a ƙarshen 2020 aka binne shi gaba ɗaya.

Kwana biyu ban iya taɓa kwamfuta ba. Sai Kawu ya aike ni karɓo masa babbar riga gurin wani tsoho mai aikin hannu a cikin gari, na tarar bai ƙarasa ba na zauna jira. Aska takwas yake yi da farin zare. Na daɗe ina kallo sai na lura duk wahalar nan a ƙirji da aljihu take, da ɗan zagaye a baya, sauran rigar fili ce fetal. Na ce Baba me ya sa ba a cike ko'ina da aiki, ai zai fi kyau? Ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Yaro, mutum ya sayi shadda da tsada, in na rufe ta da zare wa zai ga shaddar?"

Kai jama'a. Tambayar Alhaji ce fa ta sake dawo min ta bakin wani.

Daren nan na goge komai, har tsuntsun. Na yi farin fili, launi ɗaya tak, shuɗin baba irin na marinar Ƙofar Mata, ɗan ƙaramin dagi a sama, sai hotunan kaya ƙanana da na matse su sosai, farashi a ƙasa, lambar waya manya-manya yadda ko mai ciwon ido zai gani. Daga baya na ci karo da rubutun wani mai tsara shafuka, Ethan Marcotte, na 2010 kan yadda shafi ɗaya zai riƙa miƙewa yana tsukewa daidai da girman fuskar waya ko kwamfuta, shi ma na koya da ƙyar.

Da Apple ta fitar da iOS 7, manhajar iPhone, a 2013 ta share duk sheƙin nan da inuwa, Google ta biyo da nata salon Material Design a 2014, abokaina sai murna wai sabon yayi ya zo. Ni dai Baba mai aska takwas kawai nake tunowa, Allah ya jiƙansa.

Na koma shago Alhaji ya sake ciro Nokia ɗin nan. Wannan karon shadda ta fito, ya yi ta latsawa ƙasa ƙasa, sai ya ce farashin gezna ɗaya ba daidai ba ne in gyara. Ya biya ni rabin abin da muka yi ciniki, ya cike sauran da shadda yadi biyar, wai in ɗinka in daina zuwa masa shago da wandon jins.

Sati mai zuwa in sha Allah zan ba ku labarin ranar da shafin ya ɓace ɓat ana saura kwana goma sallah, don na manta ban sabunta kuɗin adireshi ba.