Gilashi biyu suka tsage kafin a gano tsatsa ce

Har yanzu in na tuna da mutumin da ya fara sa mani gilashin gaba sai raina ya ɓaci. Ya ga abin da ke ƙarƙashin gilashin nan da idonsa, ya shafa gam a kai ya rufe, ya karɓi kuɗinsa, har da yi mani addu'ar Allah ya tsare hanya.

Motar Corolla ce ƙirar 2007, ta Amurka, irin waɗanda muke kira 'yan Kwatano. A nan Sakkwato na saye ta hannun wanda ya ɗan mora. Dubawar da kowa ke yi ita aka yi: bakanike ya saurari inji, ya leƙa ƙasa, ya ƙwanƙwasa jiki ya ji ko fanabita ya taɓa aiki a kai. Ba wanda ya ce a ɗaga robar da ke gefen gilashi, don a garin nan da iska ke busar da komai, tsatsa ba ta cikin abin da muke tsoro.

Cikin watan Afrilu tsagar ta fito, lokacin da zafi ke haura digiri 40 tun kafin azahar. Na fito masallaci na tarar da siririn layi ya taso daga kusurwar ƙasa, gefen mai zaman banza, tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba. Nan take kowa ya zama likitan gilashi. Wani ya ce tsakuwa ce daga tifa ko tirelar siminti a hanyar Kalambaina. Wani ya ce yaron wankin mota ne ya watsa ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi. Wani ya ɗora wa AC laifi, wai ina kunna ta da ƙarfi motar na fitowa daga rana. Duk waɗannan suna tsaga gilashi, gaskiya ne, shi ya sa ban yi musu ba. Shawarar a ɗiga supa gulu ce kawai na ƙi, da ta a huda bakin tsagar don ta tsaya.

Ɗinkin gilashi da ake yi da wani ruwan gam mai haske yana aiki, amma a kan tabon tsakuwa ƙarami ko gajeriyar tsaga da ke tsakiya, kuma sai in ƙura ba ta cika ta ba. Tsagar da ta taɓo gefe ba ta ɗinkuwa. Tawa kuwa kowace gargada sai ta ƙara tsawo. Da na je Gusau na dawo, ta riga ta ratso har gaban sitiyari, ga 'yan Road Safety ba sa barin irin wannan ta wuce. Sai na kai a canza.

Aikin bai ɗauki lokaci ba, kuma ba a gabana aka yi ba. Na bar motar na shiga kasuwa, na dawo na tarar da sabon gilashi yana ƙyalli, an ɗaure shi da salatif. Mai aikin ya ce, “Alhaji, tai abinka, ya zauna.”

Damina ba ta faɗi ba sai ga tsaga. Kusurwa ɗaya, wuri ɗaya, ta nufi inda ta farko ta nufa. Na koma masa, ko tashi daga benci bai yi ba. “Dutsi na, Alhaji. Gilas ba shi da garanti.” Na ce wane irin dutse ne wannan da ya san adireshi, yake dawowa gida ɗaya? Yaransa suka kwashe da dariya, shi kuwa ya fara gaya mani kuɗin wani gilashin.

Wani direban haya na layin Illela ne ya haɗa ni da wani dattijo mai aikin gilashi. Bai tambaye ni labari ba. Biro ya ara a aljihuna, ya ɗora bakinsa a ƙarshen tsagar, ya riƙa jansa sannu a hankali har ya kai gefe. Ya sake yi. Sannan ya miƙo mani birona ya ce, “In dutsi na, bakin biro na faɗawa rami. Wagga daga ƙasa tat taso. Tsaya nan ka gani da idonka.”

Suka zura waya suka yanke gam, suka ɗaga gilashin. A kusurwar nan ƙarfen da gilashi ke kwanciya a kai ya kumbura, ya yi ɓawo-ɓawo ja kamar busasshiyar laka a bakin tafki, Baba na taɓa shi da sukundireba yana zuba. A kansa ga gam hawa uku: ragowar na asali ya taurare, ga wani farin silikon irin na masu sa tagar gida, sai baƙin gam sabo fil wanda na biya kuɗinsa da hannuna, an shimfiɗa shi a kan tsatsar kai tsaye. Ko gogewa ba a yi ba. Ba yadda za a yi mutum ya sa gam a wurin nan bai ga abin da yake rufewa ba.

Bayanin da sauƙi. Ƙarfe in ya yi tsatsa kumburi yake yi, sai ya riƙa tokarar gilashi a wuri ɗaya, kuma gefe shi ne inda gilashi ya fi rauni. Rana ta gasa shi, jikin mota ya murɗa a rami, sai ya dare daga inda ake tokararsa. Ko gilashi goma ka sa, a nan za su tsage.

Ita tsatsar kuma tun can baya ta samo asali. Motocin da suka zauna a arewacin Amurka da Kanada suna zuwa da ita, saboda gishirin da ake watsa wa tituna lokacin ƙanƙara. Amma Baba ya nuna mani sawun wuƙa a jikin fentin: an taɓa cire gilashin motar, aka kankare fenti, ba a shafa firama, wato fentin farko mai hana tsatsa, ba, ruwa ya samu wurin kwanciya. Ashe gilashin da na sayi motar da shi ma ba nata ba ne. Na asali yana ɗauke da tambarin Toyota a kusurwa. Duk mai sayen tsohuwar mota ya duba wannan tambarin, kyauta ne. In ka ga ya bambanta da na gilasan gefe, tambayi me ya sa aka canza, ka ɗaga roba ka leƙa, ka duba ko fentin gefen gilashi ya yi ƙuraje.

Sai da fanabita ya shigo. Ya kankare wurin har farin ƙarfe ya fito, ya cike wata 'yar huda da walda, aka shafa firama, aka bari ya bushe, aka yi fenti. Motar ta kwana can. Gilashin daga Ƙofar Ruwa ta Kano aka aiko shi, bayan Baba ya nanata musu a waya cewa ta Amurka ce, don ta Turai mai shekara ɗaya da ita jikinsu ba ɗaya ba ne. Da ya iso ya sa ni na karanta kusurwa, na ga an rubuta Laminated da AS1, wato fallen gilashi biyu da roba a tsakani, wanda ko ya fashe ba ya watsewa a fuska. Ya kuma sa na tsaya ta gefe na kalli turken wuta ta cikinsa, in ga ko ya lanƙwashe. Gilashi mai araha na yin haka, ya sa ido ciwo a doguwar tafiya. Na so in rage asara in ɗauki na Beljiyam, ya hana ni, ya ce wanda aka yanko daga wata mota sau da yawa gefensa ya riga ya ɓantare, ga karce da ke watsa hasken fitila da dare.

Maganar gam kuwa, kada wani ya ce maka duk ɗaya ne. Yuretan ake sa wa gilashin gaba, saboda gilashin na taimakawa wajen riƙe rufi in mota ta kife, kuma jakar iska ta gefen mai zaman banza a jikinsa take dafawa in ta buɗe. Silikon ba ya riƙe wannan nauyi. Da na tuna na ɗauki iyalina a motar nan zuwa Gusau, gilashi manne a kan ruɓaɓɓen ƙarfe, sai kuɗin da na yi asara ya zama ƙaramin abin haushi.

Bayan an sa, Baba ya ce kwana biyu kada a wanke ta, kada a buga ƙofa da ƙarfi, a bar gilasan gefe a ɗan sauke don iska ta samu mafita, a kuma guji hanya mai ramuka. Na bi. Ruwan Agusta ya zo ya wuce, ko ɗigo bai shigo ba, zafin Oktoba ma bai yi masa komai ba.

Na kai wa mai gilashin nan na farko hoton tsatsar a waya. Ya kalla ya ce shi gilashi aka ce ya sa, ba a ce ya gyara ƙarfe ba. Da ya kira ni a ranar ya ce Alhaji zo ka gani, da na biya fanabita ba tare da gardama ba, shi ma ya ci kuɗin aikinsa cikin mutunci. Yanzu ko taya za a cire wa motar nan, ina tsaye.

Ranar da na je ɗaukarta Baba ya zagaya baya, ya danna fentin da ke ƙarƙashin gilashin baya da babban yatsa, ya nuna mani inda ya fara tasowa. Ya ce na bayan ba ya tsagewa ya jira ka, gaba ɗaya yake wargajewa ya zube. Na ce masa sai an yi albashi.