Kura da shan bugu, Nvidia da karɓar kuɗi

A 2007 na sayar da filina na bayan gari na sayi hannun jarin wani banki. Ma'aikacin bankin da kansa ya cika min takarda, har yana cewa in ina so su ba ni rance in ƙara sayen nasu. Allah Ya tsare, ban karɓa ba. Daga Maris na 2008 farashi ya kama gangara. Takardar na nan a akwati tare da katin rigakafin yara, filin kuwa yau shaguna ne reras.

To wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Shi ya sa hankalina bai kwanta da kuɗin da ake narkarwa a ƙirƙirarriyar basira ba. A Janairun 2025 aka tsaya a fadar shugaban Amurka aka ce kamfanonin OpenAI da SoftBank da Oracle za su kashe dala biliyan 500 a kanta cikin shekara 4. Microsoft ita kaɗai ta ware biliyan 80 a shekara guda, har ta ƙulla yarjejeniya a sake tayar da tashar lantarki ta nukiliya ta Three Mile Island da ke Amurka saboda wutar da kwamfutocin ke zuƙa.

Kada a ce ina kushe abin. Ni ke riƙe da lissafin wani shagon atamfa a Kwari, kuma kullum sai na buɗe ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira ta OpenAI. Wasiƙar da a da sai na jira ɗan yayata ya dawo daga makaranta ya rubuta wa mutanenmu na Guanzu a ƙasar Sin, yanzu kafin shayina ya huce ta tafi. Amma ko sisi ban taɓa biya ba. Dala 20 a wata? Na kyauta ya ishe ni, kuma duk layinmu haka muke. To daga aljihun wa biliyoyin nan za su dawo?

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne na Satumban 2025, da Nvidia, mai ƙera ƙwaƙwalwar kwamfutar da ƙirƙirarriyar basira ke aiki da ita, ta ce za ta zuba har dala biliyan 100 a OpenAI, OpenAI kuma ta sayi kayan Nvidia. Ina karantawa fuskar ma'aikacin bankin nan ta faɗo min, da biro a hannunsa.

Ƙanena ba ya yarda. Ya ce, "Yaya, ai a 2000 ma kamfanonin intanet sun rushe, amma wayoyin da suka binne su muke mora." Gaskiyarsa, sai dai wayar da aka binne kamar fili take, tana jiran mai ita. Ƙwaƙwalwar kwamfutar da ake saye yau kuwa Keke Napep ce: in ba ta fitar da kuɗinta da wuri ba, sabuwa ta fito, ita ta koma kwarangwal. Kuma mun ga ranar 27 ga Janairun 2025, da kamfanin DeepSeek na Sin ya nuna ana iya samar da ƙirƙirarriyar basira da araha, darajar Nvidia ta zube da kusan dala biliyan 600 a wuni ɗaya. Ta farfaɗo, har ta haura tiriliyan 5 a Oktoba, wannan ma ban ɓoye masa ba.

Jiya ya zo da wayarsa yana nuna min manhajar sayen hannun jarin Amurka, wai in ara masa dubu ɗari biyu. Na ce ya ɗauko min akwatin nan daga ƙarƙashin gado tukuna.