Tuƙin Dare da Iyakar Hasken Fitila

Yanayin aikina ya sa yawancin doguwar tafiyar da nake yi a mota takan kama bayan faɗuwar rana, kuma abin da ya fi sauya mini salon tuƙi shi ne wani ɗan lissafi da na zauna na yi a takarda. Ƙaramar fitila, wadda direbobi ke kira dim, tana haska kimanin mita 50 zuwa 60 ne kawai a gaban mota. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa kuwa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, saboda haka kafin ido ya gane abin da ya gani, ƙafa ta bar totur ta taka birki, an riga an shafe wajen mita 40, sannan birkin kansa yana buƙatar kusan mita 50 a busasshiyar kwalta. Ke nan duk abin da dim ta nuna wa mai irin wannan gudu, ta nuna masa ne a makare. Tun daga lokacin nake rage gudu zuwa abin da zan iya tsayawa a cikin hasken da nake da shi, musamman idan motocin da ke tahowa sun hana ni kunna babbar fitila.

Daga nan na koma kan fitilun kansu. Na ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, mita 10 daga wani bango, na auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, na ja layi da alli a bangon daidai wannan tsayi. A jikin gidan fitilar akwai rubutun 1.0%, wanda ke nufin cewa ya kamata saman hasken ya sauka da santimita 1 a kowace mita, wato santimita 10 a ƙasan layin allin. Da na kunna, sai ga fitila guda tana daidai, ɗayar kuwa ta haura layin, kuma a nan na gane dalilin da ya sa masu tahowa ke yawan walƙa mini fitila alhali a dim nake. Ɗan juya notin da ke bayan fitilar ya gyara lamarin. Na kuma lura cewa idan aka cika but da kaya, bayan mota yakan zauna, hancinta ya ɗaga, hasken ya tashi daga kwalta ya koma cikin idon mutane.

Murfin fitilar motocin yanzu na roba ne, kuma hasken rana yakan mayar da shi rawaya har ya dishe, ya riƙe hasken a ciki. Gogewa da maganin da aka yi dominsa ta dawo mini da haske fiye da yadda na zata. Haka nan gilashin gaba, wanda yakan tara wani siririn maiƙo ta ciki da ba a gani da rana, amma da dare ya baza hasken kowace mota ya zama hazo.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne ɗabi'ar cusa ƙwan LED a gidan fitilar da aka ƙera domin ƙwan halojin, wato irin ƙwan da ke da siririn zare a ciki. Madubin da ke ciki an siffanta shi ne bisa inda zaren ƙwan yake, don haka idan tushen hasken ya sauya wuri, sai hasken ya watse. Mai motar yana ganin gabansa fari tas yana murna, amma nesa ba ta ƙaru ba, kuma ya kashe wa wanda zai gifta shi ido na 'yan daƙiƙu, wanda hakan ya fi tsanani ga dattijo, domin idonsa ya fi jinkirin farfaɗowa. Idan irin wannan mota ta tunkaro ni, nakan mayar da kallona kan farin layin gefen titi, in sassauta gudu har ta wuce.

Fitilun kan titi ma sun ba ni mamaki. Na tarar cewa titin da haskensa yake matsakaici amma bai yanke ba ya fi mini sauƙi a kan wanda wasu fitilunsa ke ƙyalli wasu sun mutu, domin ido yana saurin sabawa da haske amma yana jinkirin sabawa da duhu, kuma a tsakanin turakun da suka mutu ne mai tafiya a ƙasa sanye da baƙin kaya yake ɓacewa. Shi yana ganin fitilata tun daga nesa, sai ya ɗauka ni ma na gan shi. Wuri mafi wuya shi ne inda fitilun titi suka ƙare gaba ɗaya, kuma a nan nakan ɗaga ƙafa daga totur tun kafin in kai turke na ƙarshe, domin babbar motar da ta lalace ba tare da fitilar baya ko alamar gargaɗi ba tana iya kasancewa 'yan mitoci kaɗan a cikin duhun.