Burina na gudu a 2026, da yadda zan lallaɓa tsakanin hunturu da azumi

Tun kafin watan Janairu ya kama gurup ɗinmu na masu gudu a WhatsApp ya cika da alkawura, wannan ya ce bana sai ya sauko ƙasa da awa huɗu, wancan ya ce maraton uku zai yi a shekara ɗaya, wani ma da ko kilomita goma bai taɓa haɗawa ba ya turo hoton sabon agogo ya ce shi cikakken zai shiga kai tsaye. To Allah ya ba da sa'a. Ni dai nawa burin bai kai nasu tsawo ba, so nake in gama cikakken maraton, wato kilomita 42.195, a ƙasa da awa huɗu da rabi, kuma in shiga layin ƙarshe da guduna, ba ina jan ƙafa ina riƙe da ƙugu ba. In ka yi lissafi hakan na nufin kowace kilomita a minti 6 da sakan 24, tun daga farko har ƙarshe. A baki kam ba wani abu ba ne, kowa zai iya kilomita ɗaya a haka, amma ka jera guda 42 a cikin zafin Accra sannan ka zo mu yi magana. Marigayi Kelvin Kiptum, ɗan tseren Kenya, ya yi nisan nan a awa 2 da sakan 35 a Chicago a 2023, wato lokacin da ya gama ni ko rabi ban kai ba, wannan ba ajinmu ba ne, mu masu zuwa aiki ne da safe.

Abin da ya fi damuna shi ne tsarin tirenin da mutane ke saukewa daga intanet suna bi ido rufe. Ba wai tsarin ba shi da kyau ba ne, a'a, an rubuta shi ne don mutumin da ke Turai ko Amurka, wanda zai yi sanyinsa yana tara ƙarfi ya fito tseren Landan ko Boston a Afrilu, ko kuma ya jira Berlin a Satumba, inda ake gudu cikin iska mai sanyi. Mu a nan ko da asuba ka fito ma'aunin zafi na sama da digiri 20, ga laima a iska, kafin ka yi kilomita biyu singiletinka ya jiƙe sharkaf. Shekararmu daban take tafiya, hunturu ne yanzu, daga shi sai azumi, azumin ma bana cikin tsakiyar zafi zai faɗo, sannan damina. Duk tsarin da bai san da waɗannan ba to ba nawa ba ne, shi ya sa na zauna na tsara abina da kaina.

Yanzu dai lokacin hunturu ne kuma ba ni da wani tsere a gabana, saboda haka gudu a hankali kawai nake yi. Ana sallame sallar asuba nake ɗaura kambas, in fito daga lungunmu a Nima in hau titin Kanda, in wuce babban masallacin ƙasa fitilunsa na kunne, in gangara ta Ridge har Black Star Square in juyo. A lokacin masu koko sun fara hura wuta, yaran mota na rataye a ƙofar tirotiro suna kiran Circle Circle, wato shataletalen Kwame Nkrumah, hazo ya rufe fitilun titi ka ga kowace da zobe a jikinta. Hunturun Accra bai kai na Tamale ko Bolga da ke arewacin Ghana ba, amma ranar da ƙurar Sahara ta sauko sosai za ka ji ta a harshenka, maƙogwaro ya bushe, leɓe ya tsage. Man kaɗe nake shafawa a leɓe da cikin hanci kaɗan da kuma tsakanin cinyoyi saboda gogayya, ya fi min duk wani mai na kanti. Ranar da na ga hazon ya yi kauri har ba a hango dogayen benen Ridge sosai, ba na fita, kuma mai asma don Allah kar ya gwada jarumta a irin ranar. Sai kuma kwatoci, wanda ya san Nima ya san abin da nake nufi, a duhun asuba idonka na ƙasa, kuma ka bi hannun hagu kana fuskantar motoci don ka ga abin da ke tahowa.

In na ce a hankali ina nufin a hankali na gaske, irin wanda za ka iya hira da na kusa da kai ba tare da numfashi ya yanke maka magana ba. Wannan shi ne abin da samarinmu suka kasa yarda da shi, su a wajensu in ba ka dawo kana haki kamar ranka zai fita ba to ba ka yi komai ba. Alhali su Eliud Kipchoge ɗin da ake ta sa hotonsu a sitatus, a sansaninsu na Kaptagat a Kenya mafi yawan kilomitocin da suke yi a mako na sassauci ne, ranaku kaɗan ne na wuta. Dalilin a fili yake. Gudu mai sauƙi shi ke ƙara ƙananan hanyoyin jini a cikin tsoka, ya ƙarfafa zuciya, ya koya wa jiki ƙona kitse maimakon ya dogara da sikarin da ya ajiye kawai, domin sikarin nan wajen kilomita 30 yake ƙarewa, a nan ne za ka ga ƙato ya tsaya cak a gefen titi yana kallon ƙafafunsa. Sannan huhu da zuciya suna saurin sabawa, amma jijiyar agara da gwiwa da ƙashin ƙauri su ba sa sauri, sai ka ji kana da numfashin ƙara nisa alhali ƙafar ba ta shirya ba, rauni kenan. Shi ya sa ba na ƙara nisan mako fiye da kashi goma cikin ɗari a kan na makon baya, kuma bayan 'yan makonni in rage in huta. Abin kamar adashi ne, zubi kaɗan kaɗan ba fashi, ɗauka sai can gaba.

Bana na ƙara da ɗaga ƙarfe, abin da masu gudu da yawa ke ƙi. Akwai wani ɗan jim a bayan layinmu, rumfar kwano ce kawai, ƙarafan ma rabi siminti ne aka zuba a gwangwani aka soka sanda, rabi kuma tsofaffin kayan mota, benci ɗaya an naɗe shi da tsohuwar katifa. Ƙartin da ke wurin ƙirji da damtse suke ginawa, ni kuma in shiga in tsaya a bakin dakali da ƙafa ɗaya ina ɗaga dunduniya ina saukewa, in yi tsugunno da tashi, in yi taku mai durƙuso daga bango zuwa bango. Wani yaro a cikinsu ya kalle ni ya ce, "Yaya, wannan ai motsa jikin tsofaffi ne, zo ka ɗau na gaske mana." Na ce masa ya yi guda ashirin da ƙafa ɗaya mu gani. Ya kai sha biyu ƙaurinsa ya fara rawa, sai ya ce wai dakalin ne ba daidai ba. Sau biyu a mako ya ishe ni, minti talatin, ba na neman jiki ya kumbura, so nake ɗuwawu da cinya da ƙauri su iya riƙe ni bayan kilomita 35.

Ranar Asabar kuma ta dutse ce. Mu haɗu a unguwar Madina mu ɗau motar Aburi mu sauka Ayi Mensah, daga nan a hau har Peduase. Duk wanda ke Accra ya san yadda hanyar nan ke cika da safiyar Asabar, masu tafiya, masu gudu, ƙungiyoyin motsa jiki da ganguna da spika, mata da maza har da tsofaffi da sanda. Hawan ba wasa ba ne, kwana bayan kwana, amma in ka juyo ka ga Accra shimfiɗe a ƙasa cikin hazo sai ka manta. Shawarata a nan ita ce saukowa ta fi hawa cin gwiwa, kar ka saki jiki ka kwararo don ka burge mutane, gajeren taku ka yi. Ranar da ba kuɗin mota ko na makara sai in tafi Jami'ar Ghana da ke Legon, titunan jami'ar shiru ga inuwa, hawan da ke kaiwa Great Hall ma ya isa ya gasa mutum in ka maimaita shi. Filin wasan da aka kammala a can don wasannin Afirka na Maris 2024 ya sa wurin ya ƙara kyau ga masu gudu.

Sai azumi. Bana ana sa ran ganin wata wajen 18 ko 19 ga Fabrairu, sallah ta faɗo wajen 20 ga Maris, kuma duk mazaunin garin nan ya san Fabrairu da Maris su ne zafin da ba ya ɗaga ƙafa. Wasu abokanmu za su je tseren Legas da aka fara a 2016 kuma aka saba yi a Fabrairu, wanda ake ƙarewa a Eko Atlantic, za su bi ta Aflao su ratsa Lome da Kwatano su shiga ta Seme. Sun matsa min in zo, na ce a'a. Maraton na barin jiki a farfashe na makonni, ni kuma ba na son in shiga Ramadan da ciwon ƙafa in kasa tsayuwar asham, kowane da lokacinsa.

A cikin azumin ba na neman ci gaba, neman kar in koma baya kawai nake. Nisan mako zan raba shi biyu, dogon gudu kuma na ajiye shi gaba ɗaya. Akwai masu fita minti talatin kafin magariba don su gama daidai da buɗa baki, yana yi in a hankali ne kuma kusa da gida, amma ni na fi son bayan asham, ciki ya ɗan sauka, an sha ruwa, titi ya rage cunkoso. Matsalar dare ita ce barci, in ka dawo ƙarfe goma da rabi ka yi wanka, ga sahur ƙarfe huɗu saura, ga aiki da safe, to dole wani abu ya ragu, kuma gudun ne zai ragu. Goman ƙarshe ma ba na jin zan taɓa kambas, tahajjud ta isa. Ruwa kuma ba a tara shi lokaci ɗaya a sahur, fitsari kawai zai zama, kaɗan kaɗan ne daga magariba har asuba. Wata dabara da ke aiki ko ba azumi, ka hau sikeli kafin ka fita ka sake hawa in ka dawo, duk kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta zufa, wato piya wata biyu kenan, kuma zufa da gishiri take fita shi ya sa nake ajiye ORS na kemis, wato garin gishiri da sukari da ake damawa a ruwa, a gida.

Bayan sallah in Allah ya kai mu sai a fara tirenin na gaske, mako 16 zuwa 18 kafin tsere, ruwan Mayu da Yuni zai ɓata wasu ranaku, ranar da sama ta haɗe ba na bin wajen Circle ko kusa da babbar kwata, mun san abin da ambaliya ke yi a garin nan. Amma Yuli da Agusta su ne daɗin gudu a Accra, rana a rufe iska na kaɗawa daga teku, a nan ne zan yi dogayen gudun kilomita 28 zuwa 32. Ina so in shiga rabin maraton, kilomita 21.1, a tsakani don in auna kaina, in tseren Millennium Marathon da ake yi a Accra ya dace da lokacin to shi ne, cikakken kuma sai na ga ranakun da masu shiryawa za su fitar sannan in zaɓa.

Abinci ba zan wahalar da kaina ba, koko da ƙosai bayan gudu, waakye, wato shinkafa da wake, da ƙwai da rana, tuwo da dare. Waɗannan 'yan ledojin zaƙi da Turawa ke tsotsa a hanya tsadarsu ta yi yawa, dabino da ayaba nake sawa a aljihu kuma cikina ya fi karɓarsu. Hajiyar da nake sayen waakye a wajenta kullum sai ta tambaye ni, "Ɗana, gudun nan dai biyan ka ake yi ko?" In ce mata a'a Hajiya, mu ne ma muke biyan kuɗin rajista. Sai ta girgiza kai ta ƙara min taliya.

Abin da ya rage min yanzu takalmi ne. Kambas ɗin gudu daga kilomita 500 zuwa 800 sosonsa ya mutu ko da samansa na nan kamar sabo, nawa kuma dunduniyar ta cinye ta gefe ɗaya har in na ajiye shi a ƙasa karkacewa yake. Sabo a mol kuɗinsa ya fi ƙarfina, kasuwar gwanjo ta Kantamanto zan koma, duk da tun gobarar Janairun 2025 kasuwar ta sha wuya. In za ka sayi gwanjo kar kyan launi ya ruɗe ka, juya shi ka duba ƙasan, ka danna soson da babban yatsa ka ga ko yana dawowa, ka murɗa shi, sannan ka ɗauki wanda ya ɗara ƙafarka da faɗin yatsa ɗaya saboda ƙafa na kumbura a dogon gudu, in ba haka ba farce zai yi baƙi ya fita. Da yamma ake gwada takalmi ba da safe ba. Duk wanda ya san mai kawo masu kyau lamba 44 a wajen ya taɓa ni kafin ƙarshen wata, ina so in saba da shi tun kafin a ga wata.