Wayar da aka ɗaure wa hitar 'yan tsakina

Na daɗe ina ɗumama 'yan tsaki da gawayi a kurfoti a 'yar gonata da ke bayan garin Birnin Kebbi, kan hanyar Kalgo. Tsadar gawayi da tashin dare don ƙara wuta su suka sa na koma hitar gas, irin mai faifai a sama da ake ratayewa da sarƙa, wadda ragar ƙarfenta ke yin ja idan ta ɗau zafi. Zubin farko da na biyu ta yi min aiki lafiya lau. A zubi na uku, wanda ya faɗo tsakiyar hunturu, ta ɓullo da wani hali: da rana ba ta da matsala, amma dare na rabawa sai ta mutu da kanta.

'Yan tsaki 500 ne, burela, wato kajin nama, daga Ibadan aka kawo su, ba su cika mako ba. Ɗan yayata ne ke kwana a ɗakin da ke jikin nasu, ƙofa ɗaya ce tsakani. Da asuba zai kira ni: "Kawu, ta sake mutuwa, na kunna." In na iso sai in tarar sun cure a kusurwa suna hawan juna. Kowa ya san makon farko digiri 32 zuwa 35 suke so a daidai tsayinsu, ga shi ma'aunin zafin da na rataya a waje yana sauka ƙasa da 15 kafin kiran salla. Curewar nan kaɗai tana kashe na ƙasa.

Wani ya yi min kwatancen mai gyaran murhun gas a kasuwa, na je na ɗauko shi a babur. Ya kunna hitar, ya saki maɓallin, ta ci na ɗan lokaci ta mutu. Ya ce, "Alhaji, ai gas ne ba ya isar ta." Ya kwance jet, wato ɗan kan tagullar nan mai ƙaramin rami da gas ke fitowa ta cikinsa, ya zaro allura daga hularsa ya sossoka ramin har ya buɗe. Sannan ya yanko waya ya danne maɓallin kunnawa ya ɗaure shi tamau a jikin bawul, wato abin da ke buɗewa da rufe hanyar gas. Ya ce daga yau ko iskar hadari ba za ta kashe ta ba. Ya karɓi naira 2,000 ya kama gabansa. Har yau in na tuna yadda ya murɗa wayar nan da filaya yana murmushi, raina ɓaci yake.

Ta daina mutuwa kam. Amma kalar wutar ta sauya. A da ragar ja take yi sumul, babu harshen wuta da ke leƙowa. Yanzu sai ga wasu harsuna rawaya suna lasar gefen faifan, kuma in ka shafa cikinsa da yatsa sai ya fito baƙi ƙirin da kunkunniya. Tukunyar gas mai kilo 12.5, wadda a lissafin takardar hitar, giram 360 a awa in an buɗe ta duka, ya kamata ta kai awa 30 da 'yan kai, sai ta ƙare tun ba a je ko'ina ba. Ɗakin kuwa an rufe shi da leda da tamfol ta kowane gefe, yadda kowa ke yi da hunturu.

Ranar da abin ya faru yaron bai kira ni da asuba ba, ni na kira shi, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Da na isa na same shi zaune a bakin ƙofa ya dafe kai, ya yi amai a gefensa, yana cewa, "Kawu, kaina kamar zai tsage, in na miƙe jiri nake ji." A cikin ɗakin hita na ci, zafi ya wadata, amma 'yan tsakin sun baje a kan ɓuntu, wasu kwance a gefe ɗaya suna buɗe baki a hankali, wasu sun riga sun sandare. Ba su cure ba, ko alamar sanyi babu a tare da su. Ledar da ke jikin taga ta jiƙe sharkaf, ruwa na gangarowa. Na rufe tukunya, na yayyaga ledar da hannu, na ɗora yaron a babur muka nufi asibiti. Sun sa masa iskar oksijin, zuwa yamma ya dawo hayyacinsa. Alhamdu lillahi. Da uwarsa ta zo, na rasa bakin da zan yi mata magana da shi.

Sama da 100 muka kwashe a ranar, wasu kuma suka biyo baya. Maƙwabta masu kiwo kowa da abin da yake faɗa. Wannan ya ce cutar gumboro ce, wancan ya ce zubin ne ba shi da kyau tun daga Ibadan, a kira dillali a yi masa tas. Likitan dabbobin da ke min rigakafi ya ce gumboro ba ta cika kama na ƙasa da mako uku ba. Ya feɗe guda biyu a gabana, ya nuna min huhu da jinin sun yi wani irin ja mai haske fiye da yadda aka saba gani. Ya ce wannan alamar kabon monoksaid ce, iskar da wuta ke fitarwa idan ba ta samu isasshiyar iska ta ƙone gas ɗin duka ba. Ba ta da wari, ba ta da launi, kuma tana kama jini fiye da oksijin sau 200 da ɗoriya, shi ya sa mutum yana numfashi amma jikinsa na shaƙewa. Warin da muke ji na gas, sinadari ne da ake zuba masa da gangan don a gane in yana zuba. Ita wannan ba wanda ya sa mata komai. Ya ƙara da cewa tsuntsu ya fi mutum saurin faɗuwa, har a Ingila masu haƙar kwal sun riƙa shiga rami da kanari a keji don ya zame musu gargaɗi, sai a 1986 suka daina. Na tsaya ina kallon matattun 'yan tsakin nan, ina tunanin yaron da ƙofa ɗaya ta raba su.

Wanda ya warware min matsalar hitar wani dattijo ne a Jega da ya daɗe a kiwon kaji masu ƙwai. Na kai masa ita a buhu. Yana ganin wayar da aka ɗaure mata ya ce, "Subhanallahi, wa ya yi maka wannan ɗanyen aikin?" Ya kwance ta, ya nuna min ɗan siririn ƙarfen da ke leƙe a gefen ragar, wanda wayar jan ƙarfe ta haɗa da bawul. Tamokoful ake ce masa. Ƙarfe iri biyu ne aka haɗa bakinsu, in wuta ta gasa wurin sai su ba da 'yar wutar lantarki kaɗan, milibolt 20 zuwa 30, wadda ke riƙe wani maganaɗisu a cikin bawul ya bar gas ya wuce. Dalilin da ya sa ake danne maɓallin na kusan rabin minti lokacin kunnawa ke nan, ana jiran ƙarfen ya yi zafi ya karɓi aikin daga hannun yatsa. In wutar ta mutu ko ta yi rauni, ƙarfen ya huce, maganaɗisun ya saki, gas ya tsaya. Mutuwar da hitar ke yi da dare, aikin da aka ƙera ta ta yi ne take yi. Wayar mai gyaran ta maye gurbin yatsa har abada, ta bar bawul ɗin a buɗe ko da wuta ko babu.

A nan ne jikina ya yi sanyi fiye da ranar asibiti. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. Da a ce wutar ta mutu cikin dare da wayar nan a ɗaure, gas zai yi ta tsiyaya ya cika ƙasan ɗakin da aka toshe da leda, a kan busasshen ɓuntu, sannan yaro ya shigo da asuba ya ƙyasta ashana kamar yadda ya saba. Wannan tunanin shi ke tashina daga barci har yanzu, fiye da asarar kajin.

Ainihin ciwon kuwa ƙarami ne ƙwarai, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. A bayan hitar akwai filta, 'yar ragar da iska ke bi ta shiga ta gauraya da gas kafin ya ƙone. Dattijon ya zare ta ya buga a tafin hannunsa, wani farin gari ya zubo har ya yi tudu. Ƙurar hunturu ce, da garin ɓuntun shinkafa, da gashin jikin 'yan tsaki, da garin abinci. Mu a Kebbi ɓuntu muke shimfiɗawa saboda yana da araha kuma ga shi ko'ina a injinan casa, amma ƙurarsa ta fi ta dusar katako tashi. Filta ta toshe, iska ta ragu, ragar ta daina yin ja sosai, kan tamokoful ya daina samun zafin da yake buƙata. Ga shi kuma ɗan notin da ya ɗaure wayarsa a jikin bawul ya saki saboda yawan saukewa da ratayewa. Da rana ana lallaɓawa a haka. Cikin dare sanyi kan rage ƙarfin gas a tukunya, musamman in ta kusa ƙarewa, har ka ga jikinta na zufa. Wutar ta ƙara yin ƙasa, sai tsaron ya rufe. Hita da ke neman iska, mai gyara ya zo ya faɗaɗa jet ya ƙara mata gas. Daga nan rawayar wuta da kunkunniya da gubar suka fito.

Gyaran bai kai tsawon shan shayi ba. Filta aka kai wa mai faci ya hure ta da iska, aka bi ta da tsohon buroshin haƙori. Notin aka ɗaure da yatsa sannan aka ɗan ƙara da sifana kaɗan, don in an matse da ƙarfi lalacewa yake. Kan tamokoful aka goge aka mayar da shi daidai inda zafi ke dukansa. Jet ne kawai ya gagara, ramin da allura ta buɗe ba ya komawa, dole sai sabo mai lamba iri ɗaya da wadda aka buga a jikin tsohon, kuma sai daga Kano aka aiko min da shi. Dattijon ya ce jet in ya toshe hurawa ake yi, ba a sa masa allura ko waya, don an auna ramin ne daidai da iskar da hitar za ta iya ja. Ya kuma duba regileta, abin da ke daidaita matsin gas a bakin tukunya, ya ce na yi sa'a tawa ce ta asali mai abin juyawa. Mutane da yawa suna jona ta murhun girki, mai milibar 28 zuwa 30, ga hitar da ke neman matsi fiye da haka, sai wuta ta ƙi kamawa su ce hitar jabu ce.

Batun leda kuwa sai da muka yi musu da abokan kiwo. Su a ganinsu buɗe kafa asarar gas ce. To amma kilo ɗaya na gas yana cin iska kusan kilo 15 kafin ya ƙone sarai, kuma yana sakin ruwa fiye da kilo ɗaya da rabi a cikin ɗakin. Ruwan da na gani yana gangarowa a jikin leda ke nan, shi ne kuma ke jiƙa shimfiɗa ya tayar da warin kashi mai yaji a ido. Yanzu ina barin tazarar tafin hannu a saman ledar ta gefe biyu, can sama da kan 'yan tsaki inda iska ba za ta buge su kai tsaye ba. Gas ya ɗan ƙaru, ban musa ba, amma ɓuntu a bushe yake kuma ba na jin tari a cikinsu. Gawayi ma ba tsira ba ne, shi ma gubar nan yake fitarwa a rufaffen ɗaki, kuma hakan ya shafi masu shiga ɗakin kwana da kasko ko masu kunna murhun girki don jin ɗumi su ja ƙofa.

Da hunturu kullum da la'asar ake zare filta a kakkaɓe kafin a shiga dare. Ba na barin tukunya ta kwana da ɗan guntun gas. Nauyinta in babu komai an buga shi a jikinta, sai in ɗora a sikelin abinci in san abin da ya rage, in ya yi ƙasa a sauya tun da rana. Duk sanda aka sauya, kumfar sabulu ake shafa wa bakin regileta da inda tiyo ya shiga hita, in ta yi ƙwai a ƙara ɗaure kilif. Yaron ya koma kwana a wani ɗaki daban da ba ya haɗa bango da na 'yan tsaki, kuma na gaya masa in ya ga rawaya a wutar, ko ya ji kansa na sarawa, ya rufe tukunya ya fita waje kafin ya nemi wayata.

Na koma kasuwa wurin mai gyaran da wayar da ya ɗaure a hannuna. Ban je neman kuɗina ba, so nake ya san abin da ya kusa jawowa. Na ba shi labarin yaron da na kajin, ya saurara, ya ce Allah ya kiyaye gaba, sannan ya ce, "Amma dai Alhaji ai ta daina mutuwa." A gefensa akwai murhun wata mata da ya kwance, allurar na nan soke a hularsa. Tun daga ranar duk mai kiwon da na ji yana cewa hitarsa na mutuwa da dare, nakan ce kada ya kai ta ko'ina, ni zan zo da buroshi da sifana mu fara duba filta.