Ledar sitacin rogo: abin da gwaji ya nuna kafin a kai ta kasuwa

Tun watan Afrilun 2014 dokar hana leda mai kaurin da bai wuce maikuron 60 ba (maikuron dubu ne milimita ɗaya) ta fara aiki a Kamaru. A Njamena kuwa a 2010 hukumar birni ta haramta leda a kasuwanni. Amma duk wanda ya leƙa magudanun ruwa na Garwa ko Marwa bayan ruwan fari ya san baƙar leda tana nan daram, tana toshe kwalbati, awaki na haɗiye ta. Shi ya sa ɗalibai da mata masu ƙananan sana'o'i ke gwada dafa leda da sitaci a gida. Tana yiwuwa, kuma tana ruɓewa a ƙasa. Sai dai tana da hali nata, kuma gara a san shi kafin a zuba jari.

Sitacin ba wuya. A fere rogo, a goge shi, a zuba ruwa a matse a cikin tsumma mai tsabta, a bar ruwan ya kwanta sa'o'i biyar ko shida. A tsiyaye, a sake wanke farin da ya kwanta sau biyu, a shanya. Kilo ɗaya na ɗanyen rogo yakan ba da giram 150 zuwa 200. In rogon mai ɗaci ne, a zubar da ruwan inda dabbobi ba za su sha ba, guba ce a ciki. Garin rogo na tuwo ba ya maye gurbin sitaci, saboda ɓarɓashin da ke cikinsa yana barin ramuka.

Ma'aunin da ya fi ba da sakamako: sitaci giram 10, ruwa mililita 200, gilisarin giram 3, ruwan khal ƙaramin cokali ɗaya. Gilisarin ɗin ya zama tsantsa irin na kantin magani, ba na shafawa mai turare ba.

A nan yawancin masu gwaji ke faɗuwa. Haɗin da ke yawo a intanet yana cewa babban cokali na sitaci, ƙaramin cokali na gilisarin. To gilisarin ya fi ruwa nauyi, ƙaramin cokali ɗaya ya haura giram 6, wato sama da rabin nauyin sitacin. Abin da zai fito danƙo ne mai maiƙo, ya manne a hannu, ya kwashi ƙura. Aikin gilisarin shi ne ya shiga tsakanin zaren sitaci ya hana su ƙanƙame juna. In ya gaza kashi 20 cikin ɗari na nauyin sitacin, ledar ta karye kamar busasshen ganye. In ya wuce kashi 40, ta yi yauƙi ta rasa ƙarfi. Giram 3 ɗin nan kusan rabin ƙaramin cokali ne. Ƙaramin sikeli mai auna giram shi ne kayan aikin da ya kamata a fara saye.

A dama komai da ruwan sanyi, yadda ake dama koko, don in sitaci ya haɗu da zafi kafin ya narke gudaji zai yi. A ɗora a wuta kaɗan, ko a saka ƙaramar tukunyar cikin babba mai ruwan zafi don kada ƙasa ta kama. Wajen digiri 65 zuwa 70 farin zai gushe, ya yi kauri, ya fara haske kamar gilashi. Kada a sauke a nan. A ci gaba da juyawa minti 10 zuwa 15 ba tare da an bari ya tafasa ba. Wanda aka sauke da wuri yakan bushe da fararen tabo, kuma daga wurin tabon yake yagewa. A tace da rariya, a bar kumfa ta kwanta, sannan a zuba a farantin roba mai santsi, kaurin milimita 3. Wannan haɗin zai rufe wajen santimita 25 a kowane gefe. Gilashi da farantin ƙarfe suna riƙe ledar, sai an kankare.

Shanya kuwa sai an duba lokaci. Da hunturu iska na busar da saman haɗin alhali ƙasansa na jiƙe, sai gefuna su nannaɗe, tsakiya ta tsage. A shanya a ɗaki, a rufe da yankin gidan sauro saboda ƙura, a ƙara gilisarin zuwa giram 3 da rabi. A watan Agusta, musamman a Ngaundare inda damina ke daɗewa, matsalar ta juye: ba ta bushewa da wuri, fumfuna ta riga ta. Nan sai a rage gilisarin zuwa giram 2 da rabi, a zuba da sirara. Ko wane lokaci ne, kada a shanya a rana kai tsaye. Kwana biyu zuwa uku a inuwa.

Babban darasin shi ne ruwa. Sitaci da gilisarin duka masu shan ruwa ne, ba dabarar gida da za ta sauya wannan. Kunu, koko, ƙanƙara, ɗanyen nama, ɗanyen kifin kogin Logon, duk a cire su a lissafi. Ƙaron da Cadi ke fitarwa da yawa yana ƙara sheƙi in an sa a haɗin, amma shi ma narkewa yake yi. Kakin zuma na Adamawa, wanda ke narkewa wajen digiri 63, in an shafa shi sama-sama yana jinkirta jiƙewa ne kawai. Inda ledar ke da amfani shi ne busassun kaya na sayarwar kusa: yaji, kuka, busasshiyar kuɓewa, sabulun gida. Mai ba ya ratsa ta da sauƙi. Ƙuli-ƙuli kuwa da damina zai yi laushi a ciki, don laima na wucewa.

Ba a liƙe bakinta da kyandir kamar yadda aka saba, ƙonewa take yi maimakon narkewa. A shafa ɗan dafaffen sitaci a gefe, a danne. Kuma a ajiye samfur wata guda kafin a yi wa mai saye alkawari, domin sitaci yana sake ɗaurewa a hankali, ledar da ke lanƙwasa yau tana iya ƙagewa bayan makonni.

Sai lissafi. Faranti ɗaya ƙananan ƙunshi huɗu ne. Mai yaji da ke buƙatar ɗari a rana faranti 25 ke nan kullum, da kwana uku na shanya sun zama 75, ga rogon kuma abinci ne da ake saye. Jakunkunan sitaci na masana'anta da injin matsi ake yin su, ana gauraya su da wata roba mai ruɓewa, tukunya ba ta kai can. Hanyar da ta fi araha ita ce a shafa dafaffen haɗin a kan takarda mai tsabta wadda ba tawada: cikin 'yan sa'o'i ta bushe, takardar ta ba da ƙarfi, sitacin ya tare maiƙo. A adana su a bokiti mai murfi, don ɓeraye da kyankyasai da tururuwa abinci suke ganin ta.