Hutun da na hana yarana

Shekarata ta farko ina horar da 'yan ƙwallon unguwarmu, abu ɗaya na sani: a gajiyar da yaro. Da sassafe su zagaya fili sau goma sha biyar, su yi tsallen kwaɗo, su ɗaga bulo da tsohuwar tayar mota, sannan a koma gudu. Duk wanda na ga ya dafa gwiwa yana haki sai in busa masa usur.

Bayan wata biyu ɗan wasan gefenmu, yaron da in ya zabura ba a kamo shi, ya yi nauyi. Zai iya wuni yana sassarfa, amma in aka jefa masa ƙwallo bayan masu tsaron gida, sai ka ce an ɗaura masa dutse a ƙafa. Ya ce min, "Koci, wallahi ƙafar ce ba ta amsawa." Na ce masa lalaci ne. Har yau wannan amsar tawa tana damuna.

Sai da na koma karatu na gane ɓarnar da na yi. Zaruruwan tsoka iri biyu ne a dunƙule: masu jinkiri da juriya, da masu saurin tsukewa da ƙarfi waɗanda ke saurin gajiya. Zabura aikin na biyun ne, kuma makamashin da suke fara ci bai wuce na daƙiƙa goma ba. Kafin ya sake cika sai an huta minti uku zuwa biyar. Ni kuwa ko rabin minti ba na ba su. Ashe abin da nake kira tsere, gudun gajiyayyu ne kawai.

Binciken masanin motsa jiki Robert Hickson na 1980 a Amurka ya fi tsaya min a rai. Ya sa wasu mutane ɗaga ƙarfe zalla, wasu gudu da tuƙa keke zalla, wasu kuma duka biyun, tsawon mako goma. Masu haɗawar ƙarfinsu ya yi ta ƙaruwa har wajen mako na bakwai, sai ya tsaya, daga baya ma ya fara raguwa, alhali juriyarsu ta ƙaru kamar ta masu gudu da tuƙa keke zalla. Ina karantawa ina ganin yarona.

Shi kansa atisayen gudu da hutu, tun a shekarun 1930 a Jamus koci Woldemar Gerschler da likita Reindell kan hutun suka gina shi: a yi gudu har bugun zuciya ya kai wajen 180 a minti, a dakata sai ya sauko 120, sannan a sake. Tsarin Tabata, wani mai bincike ɗan Japan, na 1996, daƙiƙa 20 aiki da 10 hutu sau takwas, minti huɗu ne kacal, amma a ƙarshen ƙarfin mutum ake yin sa, kuma juriya yake ginawa.

Na raba ranakun. Ɗaga nauyi sau biyu a mako, kaya mai nauyi, maimaici kaɗan, hutu mai yawa. Tun kafin cinyoyinsu su ƙara kauri ƙarfinsu ya ƙaru, domin a makonnin farko jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa ne ke koyon tada tsoka. Gudu da hutu kuma ranarsa daban, tsere ranarsa daban.

Ranar da muka fara, yaron ya yi mita talatin ya juyo zai sake. Na riƙe hannunsa na ɗora yatsunsa biyu a gefen wuyansa, na ce ya ƙirga bugun, kada ya motsa sai na busa. Ya tsaya yana kallona, ni kuma ina kallon agogo, har minti uku suka cika.